Motar Saura Kaɗan

Mijin yayata mai gyaran agogo ne, kuma da ya tsaya a kan agogon nan nasa da babu wanda zai ji kanmu. Mutum ne siriri mai ƙananan yatsu, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, ko tari zai yi sai ya yi shawara da ƙirjinsa tukuna. Shagonsa wani ɗan akurki ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da tabarau. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya ya runtse ɗayan. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, yana leƙen cikin agogunan mutane.

Ni tela ce. Tun da maigidana ya rasu nake zaune a gidansu, a ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi, ina taka keke ina kallo, wani lokaci har in ɗinke bakin aljihu don takaici.

Mai Agogo yana da ƙa'ida guda a duniya, kuma da ita zai mutu: mai da yawa shi ke kashe agogo. A shago, bakin allura yake tsomawa a mai ya ɗan taɓa inda ya dace, shi ke nan. To da a shago abin ya tsaya da sauƙi. Ina! Har gida ya biyo mu da shi. Ƙofa na kuka, ɗigo ɗaya. Yara na shafa mai, yana tsaye a kansu yana cewa ya isa. Ranar da ya kama ni ina tsiyaya wa kekena mai, wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa, kamar ya tarar ina dukan maraya.

Yaya kuwa buri ɗaya gare ta. Ba ta taɓa ganin teku ba. Akwai wata tsohuwar kalanda a ɗakinsu mai hoton teku, shekarunta sun wuce tun yara ba su yi wayo ba, amma ta hana a cire. Tun suna sabon aure ya yi mata alkawari cewa zai kai ta ta gani da idonta, a motarsa, shi da kansa riƙe da sitiyari. Daga gidanmu zuwa bakin teku tafiyar yini ce, ba wata uwa duniya ba. Matsalar kawai ba shi da mota.

Da wayoyi suka zo da lokaci a fuskarsu, agogo ya fara zama kayan ado, shago ya yi sanyi. Wani zai zauna ya yi ta ƙorafi. Shi kuwa sai ya tattara abin da ya tara, ya je ya sayo wata tsohuwar mota a hannun magadan wani likita. Shuɗiya ce, mai zagayayyun fitilu da ƙarfe mai ƙyalli a baki, kujerunta na fata, doguwar kujera a gaba kamar ta falo. Irin motocin da tsofaffi ke tsayawa a hanya su bi da kallo suna girgiza kai, su ce yanzu ba a yin irinsu. Ya sa mata suna Gimbiya.

Bakaniken layinmu, wanda ake kira Guduma don duk matsalar duniya a wurinsa da guduma ake fara magance ta, shi ya duba ta. Ya canja filogi, ya wanke kafireta, ya juye tsohon baƙin mai ya cika ta da sabo. Aka sa ranar tafiya. Yaya ta ɗinka sabon kaya a wurina, ni ma na ɗinka, don ba a gayyace ni ba amma na gayyaci kaina.

Da safen ranar ina ɗaura ɗankwali na hango shi ta taga. Ya buɗe bonet, ya zaro ɗan siririn ƙarfen nan da ake auna mai da shi, ya ɗaga shi sama yana kallo. Sai na ga ya dafe ƙirji. Ya shiga kicin ya ɗauko robar wanke-wanken Yaya, ya shimfiɗa tabarma, ya shige ƙarƙashin mota.

Na leƙo na ce, “Mai Agogo, lafiya? Me kake tatsa?”

Muryarsa ta fito daga ƙasa. “Wannan Guduma ba shi da imani. Ji man da ya ɗura mata, kamar zai soya ta.”

“To kai ka san aikin mota ne?”

“Ke da zare, ni da ƙarfe. Ƙarfe duk ƙarfe ne.”

Ya cika robar nan taf, ya bar wa injin abin da ya kira daidai misali, ya wanke hannu, muka shiga. Yaya a gaba tana ta gyara mayafi, ni a baya rungume da kular abinci. Maƙwabta suka fito suna ɗaga mana hannu. Mun wuce kasuwa lafiya, mun wuce gidan mai na ƙarshe. Gidaje na fara ƙarewa Gimbiya ta soma wani ƙwas-ƙwas kamar ana daka ƙarfe a turmi, wani ƙauri ya cika motar. Yaya ta ce, “Malam, ko za ka tsaya?” Ya ce sabo take yi da hanya. Gimbiya ta yi tari sau biyu, ta yi wata ƙara mai tsinka zuciya, ta yi tsit. A gefen titi muka cinye abincin teku, kafin wata tifa ta jawo mu gida da igiya, maƙwabtan da suka ɗaga mana hannu suna nan ba su ko shiga gida ba.

Guduma ya zo, ya sa sifana a babban notin gaban injin, ya danna da dukan ƙarfinsa. Ko gezau. Ya ce, “Inji ya buga. Fistin sun manne da jikin gidansu.” Ya zaro ma'aunin mai ya ga busasshe, ya ce, “Ikon Allah! Wa ya shanye man da na zuba?”

“Ba shanyewa aka yi ba,” in ji Mai Agogo. “Ragewa na yi.”

Guduma ya dube shi, ya dube ni, ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya ce abin da sauƙi, akwai wani inji na hannu irin nata sak a garejinsa, an ciro daga wata da aka daki bayanta. A sauke wannan a ɗora wancan, kafin mako ya zagayo suna bakin teku.

Mai Agogo ya girgiza kai. “Agogon da aka canja wa ciki ba shi ba ne, fuska ce kawai ta rage. Abin da ya tsaya, da lallashi ake tada shi.”

Daga ranar muka shiga uku.

Kullum da safe, bayan ya sha shayi, sai ya fito da akwatin aikinsa. Ya kwance filogi ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan farin ƙyalle. Ya ɗauko sirinji ya ɗiga kananzir da mai ta cikin ramukan, ɗis, ɗis, yana motsa baki. Sannan ya sa doguwar sifana a notin nan da ya gagari Guduma, ya taɓa ta da yatsu biyu, ya kanga kunne a jikin injin kamar likita. Mutumin da ya kashe inji da rowar mai, ga shi zai tashe shi da ɗigo. Duk wanda ya leƙo ya ce, “Mai Agogo, ya Gimbiya?” amsar ɗaya ce:

“Saura kaɗan.”

Damina ta zo, saura kaɗan. Rani ya zo, saura kaɗan. Har sunan ya bi shi, masu shago da masu kawo wasiƙa duk Saura Kaɗan suke ce masa, yana amsawa da fara'arsa. Tayoyi suka sace, ya ɗora ta a kan bulo. Kyanwa ta haihu a kujerar baya, 'ya'yanta ma suka girma suka haihu a nan. Ni kuwa na ɗaura igiyar shanya daga madubinta zuwa bishiya, tunda dai dole kowa ya ci moriyar wani abu. Amma jikinta kullum yana sheƙi, don yana goge ta fiye da yadda yake goge takalminsa.

Masu ba da shawara kuwa ba a magana. Duk wanda ya taɓa shiga mota, ko a fasinja ne, ya zama gwani. Wannan ya ce man birki, wancan ya ce ruwan tsami, wani ya rantse da lemon kwalba aka tada injin kawunsa. Mai Agogo ba ya musu da kowa, kowanne zai karɓa ya ɗiga kaɗan. Injin nan ya sha abin da ko mai ciwon ciki bai sha ba. Shawarar da ya ƙi guda ce, ta ƙarfi. Ranar da Guduma ya zo da guntun katako da gudumarsa, ya ce a buɗe kan injin a ɗan bubbuga fistin ko za su saki, sai ga Mai Agogo ya sha gabansa ya baza hannuwa. Siririn mutumin nan, da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, ya ce sai dai a fara buga shi. Guduma ya saɓa gudumarsa ya ce, “Allah ya ba da lafiya,” kuma ban san da wa yake ba cikin su biyun.

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne mai taurin kai a gidan. Babbar 'yarsu, wadda muke kira Nas saboda aikinta, ta yi aure, mijinta na da mota mai sanyi. Sau nawa tana cewa, “Mama, ki shirya mu kai ki tekun nan ki huta da kallon kalanda.” Yaya sai ta yi murmushi ta ce a'a.

Wata rana na tsare ta a kicin. Na ce, “Yaya, ke wai teku kike son gani ko wahala? Ruwan ai ɗaya ne, ko a jirgi aka kai ki.”

Ta ce, “Wanda ya yi alkawari shi zai cika. In na bi yara na gano, me na bar masa? Shago ya mutu, agogo ya mutu. In ce masa alkawarin ma na ba wani?”

Na ce, “To ku ƙarata. Allah ya haɗa ku, ya kuma san abin da ya haɗa.”

Yaya ce mai sa min zare a allura tun idona ya fara gajiya. Wata safiya na miƙa mata, ta yi ta laluben ramin, ta dawo min da shi ta ce allurar ce ba ta da kyau. Bayan kwana biyu na ga tana zuba shayi a gefen kofi. Nas ta ɗauke ta zuwa asibiti. Da suka dawo, Nas ta ja ni ɗakina ta rufe ƙofa.

“Inna, ciwon ido ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Magani yana rage masa gudu, amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Likita ya ce duk abin da take son gani ta gan shi yanzu.”

Maganin na ɗigawa ne, safe da yamma, kuma Mai Agogo ya karɓi aikin. Gaskiya ɗaya ce, duk garin nan babu mai hannun ɗiga magani kamarsa. Zai ɗaga haɓarta a hankali, ya buɗe fatar idon da ɗan yatsa, ɗigo ɗaya ya sauka daidai, ko ƙyaftawa ba ta yi. Sai ya rufe kwalba, ya wanke hannu, ya ɗauki sirinji ya nufi Gimbiya. Wannan ne ya ƙona min rai.

Na same shi kunne a jikin inji. Na ce, “Ka ji abin da likita ya ce?”

“Na ji.”

“To?”

“Jiya da na taɓa sifana na ji kamar ya numfasa. Saura kaɗan.”

Ai kuwa na fashe. Na ce, “Kaɗan ɗin gidanku! Jikokin kyanwa sun yi jikoki a motar nan kana saura kaɗan! Inji na can a garejin Guduma yana tsatsa, matarka na nan tana laluben bango, kai kana nan kana ba ƙarfe magani a cokali. Kai wane irin mutum ne?”

Bai yi fushi ba, shi ya sa faɗa da shi ba daɗi. Ya cire madubin idonsa ya goge da bakin riga, ya ce, “Tun da na fara aiki ban taɓa mayar wa mutum agogonsa na ce ya gagare ni ba. In aka sauke injin nan, ya tabbata ni na kashe shi.”

“To da wa ya kashe shi? Ni?”

Ya mayar da madubin a idonsa. Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in kwaɗa masa sifanar. Na koma kan kekena ina huci, ranar har allura biyu na karya.

Kuna tsammani ya ji? Sai da wata damina ta sake wucewa a kanmu. Abin da bakina ya kasa, agogon bango ne ya yi shi. Akwai wani babban agogo a falo, fuskarsa kamar faranti, shi ya haɗa mata shi da hannunsa shekarar da aka haifi Nas, kuma ita ke murɗa masa makulli kullum. Wata safiya muna zaune mu uku, tana fuskantar agogon nan sosai, sai ta ce, “Malam, ƙarfe nawa ne?”

Ya dubi agogo, ya dube ta. Ya ajiye kofinsa, shayin ko rabi bai sha ba. Ya faɗa mata lokaci, ya sa hula ya fita. Ban taɓa ganin yana sauri ba sai ranar.

Da hantsi sai ga Guduma da mutanensa da sarƙa da wasu dogayen ƙarafa uku da suka kafa a kan motar. Suka kwance, suka ɗaure, suka ja. Tsohon inji ya taso sama yana lilo, yana zubar da kananzir da ruwan tsami da duk abin da aka ɗura masa shekara da shekaru. Mai Agogo na zagaye su yana cewa, “A hankali, don Allah a hankali.” Bargonsa na sanyi ya shimfiɗa a gindin bishiya aka sauke shi a kai. Kwana kaɗan aka gama ɗora na hannun, aka sa tayoyi da batir, aka kori kyanwa da zuriyarta. Guduma ya murɗa makulli, Gimbiya ta yi gurnani ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe min shanya. Kafin ya tafi ya ɗaure notin juye mai da dukan ƙarfinsa, ya bincike akwatin Mai Agogo ya ɗauke duk sifanar da za ta iya kama shi. Bai san ya wahalar da kansa ba ne, don mutumin da ya tuba ya fi kowa tsanani. Galan guda na mai Mai Agogo ya saya ya ajiye a but ɗin motar.

Tafiyar yini ce, amma da asuba muka fita don mun san direbanmu. Masu keke suna wuce mu suna waige. Duk inda ya ga inuwa sai ya tsaya ya buɗe bonet, ya auna mai, ya ƙara kaɗan ko da bai ragu ba. Yaya na gaba cikin kayan nan da na ɗinka mata tun tafiyar farko, sun ɗan yi mata yawa yanzu. Ba ta ce ya yi sauri ba ko sau ɗaya. Ni ce dai a baya nake ta tsaki har bakina ya gaji.

Rana ta yi sanyi muka isa. Tun kafin mu tsaya iska ta canja, ga wani ƙamshin gishiri, ga ruri kamar ana ruwan sama a nesa. Ni kaina da na fito sai da na riƙe baki. Ruwa iya ganinka, ba gaɓa, ba ƙarshe, kalandar nan ashe ƙarya take yi mana.

Ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya kama hannunta, suka taka yashi. Ta tsaya, iska na kaɗa mayafinta. Ta juya kai nan, ta juya can, sai fuskarta ta washe.

“Kai, Malam! Ashe haka yake sheƙi!”

Rumfar masu sayar da kifi take kallo. Sabon kwano ne a kanta, rana ta dake shi yana ƙyalli. Tekun yana hannun hagunta.

Na cusa bakin mayafi a baki don kada kukan ya fito. Shi kuwa sai ya koma bayanta. Ya dafa kafaɗunta da yatsun nan nasa, ya juya ta a hankali, a hankali, har ta fuskanci ruwan.

“Ga shi nan gabanki,” in ji shi. “Kina gani?”

Ta daɗe tana kallo. Ta buɗe ido sosai, ta ƙanƙance su, ta sake buɗewa. Sannan ta lalubo hannunsa a kafaɗarta ta riƙe.

“Saura kaɗan, Malam.”

Ba da gatse ta faɗa ba, na san muryar yayata. Lallashinsa take yi. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

Ya durƙusa ya cire mata takalmi, ya cire nasa, ya ja ta har inda ruwa ke zuwa ya taɓa ƙafa ya koma. Daga inda nake ina hango bakinsa yana motsi kusa da kunnenta, yana nuna mata da hannu abin da ba za ta gani ba, ita kuma tana gyaɗa kai. Na koma mota na zauna na yi kukana ni kaɗai, ga galan ɗin mai yana ta wari a bayana.

Gimbiya tana nan tana tafiya, ita ke kai Yaya asibiti duk wata. Tsohon injin yana gindin bishiya cikin bargo, a kansa nake ɗora kwandon shanya. Mutanen layi har yau Saura Kaɗan suke kiransa, yana kuma amsawa. Amma tun daga ranar nan ban sake jin kalmar ta fito daga bakinsa ba.